Abin da Ya Cinye Ƙwan Mitilik

Shekara shida mahaifinmu Ulayuk yana tuƙa wa Dakta Renshaw jirgin ruwa. Da zarar ƙanƙarar teku ta fara tsagewa, jirgin sama zai sauke Baturen a garinmu Nuvuluk da akwatunansa, Baba ya kwashe shi zuwa tsibirin Mitilik inda dubban agwagin teku ke sauka su yi ƙwai. Aikin Dakta shi ne ƙirga sheƙa da sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. Sauran aikin duk na Baba ne. Shi ke kafa tanti, shi ke dafa shayi, shi ke duba sama ya ce yau ba fita, kuma shi ke riƙe da bindiga saboda nanuk, farin beyar ɗin nan da ba ya sallama kafin ya shigo.

Tun kakanninmu ake ɗibar ƙwai a Mitilik. A farkon lokaci kawai ake ɗiba, ɗaya ko biyu a sheƙa, agwagwa ta sake saka wasu. Bayan an ƙyanƙyashe sai mata su je su tattaro lallausan gashin da ta shimfiɗa a sheƙar, su cusa a rigunan sanyi. Da shi aka rene mu, ni Paulusi da ƙanwata Uviluk.

A shekara ta shida agwagin suka ragu sosai, kowa ya gani. Ofishin kula da namun daji ya kira taro a zauren gari don Dakta ya karanta rahotonsa. Matar da ta saba yi mana tafinta ta tafi kudu haihuwa, sai aka ɗauko Uviluk daga aji, don a lokacin babu wanda ya kai ta Turanci a garin. Shekararta sha bakwai. Aka tsayar da ita a gefen Dakta, tana ta murɗa bakin rigarta.

Rahoton ya ce mutanen gari ne suka ƙarar da tsuntsayen da ɗibar ƙwai, kuma gidan da ya fi kowa zuwa tsibirin shi ne gidan Ulayuk. Uviluk ta juya wannan zuwa harshenmu.

Baba ya miƙe a hankali, ya cire hularsa.

"Ba mu ba ne," in ji shi. "Ƙanƙara tana watsewa da wuri yanzu. Nanuk ba ya samun abin farauta a kanta, sai ya yi iyo ya hau tsibiri, ya bi sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Dakta, ai tare muka ga sawunsa."

Da ta gaya masa, Dakta ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. Ya ce dabbar da ta kai nauyin mutum shida ba ta rayuwa da ƙwai. Ya ce a shekara shida bai ga alamar haka ba ko sau ɗaya. Ya ce ya san da wuya mutum ya amsa laifinsa a gaban jama'a, amma ƙirƙiro labari ba zai dawo da tsuntsu ko ɗaya ba.

Uviluk ba ta fassara wannan ba. Duk zauren ana jiran ta.

"Faɗi abin da ya ce, 'yata," in ji Baba. "Kada ki rage komai."

Ta dubi ƙasa. "Ya ce ƙarya kake yi, Baba."

Baba ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai kawai ya mayar da hularsa ya fita.

Aka hana garin gaba ɗaya zuwa Mitilik. Mutane suka rasa ƙwansu da gashin rigarsu, kuma tunda ba su da yadda za su yi da ofis, sai suka huce a kan Baba. Maƙwabcinmu Kigutak, wanda suka taso tare, shi ya fi kowa baki. In Baba ya shiga kanti zai ɗaga murya ya ce, "Ulayuk, wai nanuk ɗin nan naka soyawa yake yi ko dafawa?" A yi ta dariya. Baba ya daina zuwa kanti. Daga baya ya daina zuwa coci. Ya jawo jirginsa bakin gaɓa ya kife shi, bai sake sa shi a ruwa ba. A hunturu na huɗu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kwana tara ya rasu.

Ranar da muka dawo daga binne shi, Uviluk ta zauna a kan kifaffen jirgin, ba ta yi kuka ba.

"Yaya, kudu zan tafi."

"Ki yi me?"

"In koyi ƙirga irin tasu."

"To in kin koya fa?"

"Sai in ƙirga masa."

Na ɗauka zafin mutuwa ne. Kafin ƙanƙara ta sake rufe teku ta tafi.

Shekara shida tana jami'a, tana zuwa gida sau ɗaya a shekara, a rame, ba ta son hira. Ana nan wata rana ta bugo waya ta ce ta samu gurbin ƙarin karatu, kuma malamin da zai kula da ita Dakta Renshaw ne, wanda yanzu ya zama Farfesa.

Na ce, "Kin haukace ne? Duk malaman kudu kin rasa wanda za ki yi wa bauta sai wanda ya kashe ubanki?"

"Yaya, ka sa wa jirgin Baba sabon inji, ka gyara gindinsa. Nawa aikin ka bar ni da shi."

"Ya san ko ke wace ce?"

"Ya sani mana. Har ya ce Baba gwanin tuƙi ne."

Na kashe wayar. Wata takwas ban yi mata magana ba. Innarmu kuwa ta ci gaba da ɗinka mata takalman fata tana aikawa.

Shekara tara Uviluk ta yi a ƙarƙashinsa. Ta koyi harbin nanuk da allurar barci daga jirgi mai saukar ungulu, ta sauka ta buɗe bakinsa ta duba haƙori, ta auna kitse, ta ɗaura wa matan abin wuya mai na'urar da ke nuna inda suke. Lokacin zafi kuma ta shiga fadama har gwiwa tana ƙirga dinya da agwagi, sauro na cin ta. Wata uwar nanuk da allurar ba ta gama kama ta ba ta taɓa kai mata mari, ta tsaga mata kafaɗa, aka yi ɗinki sha huɗu. Sati uku ta koma aiki. Farfesa ya riƙa yawo da ita taro-taro yana nuna ta, wai ga ɗalibarsa ta farko daga mutanen arewa. Tana cin abinci a gidansa ranar Lahadi. In ya yi barkwanci ta yi dariya. Da na ga hotonsu tare a jarida, hannunsa a kafaɗarta, sai da na kasa cin abinci.

A shekara ta tara aka yi masa aiki a gwiwa. Yana kwance ya ba ta makullin ɗakin ajiyarsa, ya ce ta kwafe tsofaffin littattafan aikinsa ta zuba a kwamfuta kafin ya yi ritaya. Shi kansa ya manta abin da ke ciki.

Sati biyu bayan haka ta sauka a Nuvuluk ba sanarwa. Ta ture kifi da wuƙar Inna gefe, ta shimfiɗa takardu bakwai a kan tebur. Hoton shafukan littafinsa ne na Mitilik, da rubutun hannunsa. Ta ɗauki ɗaya ta karanta mana:

"Sawun beyar a gabashin tsibiri. Sheƙa kamar arba'in a farfashe, ɓawo a tattake. U. ya ce karo na uku ke nan a bana."

"Wane ne U.?" in ji Inna, ko da yake ta sani.

"Baba ne. Sau bakwai ya rubuta irin wannan, Inna, a shekara biyu. Na ƙarshen saura wata huɗu a yi taron."

Inna ta shafa takardar da tafin hannu, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ce a kai gidan rediyo yau ɗin nan, kowa ya ji.

"A'a," in ji Uviluk. "In na fitar yanzu zai ce tsautsayi ne na shekara ɗaya, abokansa su rufa masa asiri. So nake in ya juya ko'ina ya tarar na riga shi. Jirgin ya gyaru?"

"Tun shekara takwas."

"To shirya."

Ta nemo izinin bincike, muka koma Mitilik, karo na farko tun ina saurayi. Da na kashe inji na ji kukan tsuntsayen ya yi kaɗan, ba kamar da ba da sai mutum ya yi ihu ake jin sa. Shekara goma sha tara babu ɗan Nuvuluk da ya taɓa ƙwai ɗaya a wurin, amma tsuntsayen raguwa suka ci gaba da yi. Muka kafa kyamara sittin a tsakanin duwatsu. Muka bi tsibirin muna tsintar kashin nanuk, tana farfasa shi da tsinke tana ware ɓawon ƙwai, tana zubawa a leda mai lamba.

Na ce, "Yanzu duk karatun nan da kika yi, digiri har uku, ƙarshensa tsintar kashi?"

"Riƙe ledar da kyau, Yaya. Kai da ba ka da ko ɗaya ai ga ka a ciki."

Lokacin ƙwai uku muka yi a haka. Kyamarorin suka kama nanuk goma sha ɗaya daban-daban. Wata mace, wadda Uviluk ta taɓa ɗaura wa abin wuya, ta cinye sheƙa sama da ɗari biyu a kwana biyu. Uviluk ba ta nuna wa kowa ba. In Farfesa ya tambaye ta me take samu a tsohon tsibirinsa, sai ta ce tana dai tattarawa.

Ana haka ofishin namun daji ya gina ɗan gidan bincike a garinmu. Uviluk da kanta ta ba da shawarar a sa masa sunan Farfesa Renshaw, a gayyato shi ya buɗe, tunda a shekarar zai yi ritaya. Ita ta tsara ranar, ta sa ta a tsakiyar lokacin ƙwai. Ita kuma ta ce kafin a yanke ƙyalle ya kamata a kai baƙi su ga tsibirin da ya yi wa hidima. Kwana huɗu kafin ranar tana zaune gaban kwamfuta tana bin ɗigon da ke nuna macen nan mai abin wuya. Da safen da za a tafi ta rufe kwamfutar ta ce, "Tana can."

Jirgi uku muka fita. A nawa akwai Farfesa da sandarsa, da shugabar ofis, da wani ɗan jarida mai kyamara, da Uviluk, da Inna wadda ta ce ko a ɗauke sai an kai ta. Dattawan gari suna cikin sauran biyun, har da Kigutak, da ya tsufa har haƙori uku kawai suka rage masa. Farfesa yana ta nishaɗi, yana nuna wa ɗan jarida duwatsu yana ba da labarin ƙuruciya. Har ya dafa bakin jirgin ya ce kamar ya san jirgin nan. Na ce ya san shi.

Muna zagayo gabashin tsibiri muka tarar da sama cike da agwagi suna ta kuka. Na kashe inji. Ga macen nanuk ɗin nan a kan tudu, tazarar jifa uku daga gare mu, ramammiya, tana tafiya ba gaggawa. Ta isa sheƙa, uwar ta tashi, ta sa ƙafa ta danne, ta sunkuya ta lashe, ta wuce ta gaba. Bakinta da ƙirjinta duk sun yi rawaya da gwaiduwa. Ko kallonmu ba ta yi ba. Muna tsaye a ruwa ta gama da sheƙa sha shida.

Na waiga na ga Kigutak ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa.

Farfesa ne ya fara farfaɗowa. Ya sauke madubin hangen nesa ya ce, "Abin mamaki! Sabon hali ne wannan, ɗumamar yanayi ce ta kawo shi. Uviluk, dole mu rubuta wannan, ni da ke."

"Ba sabo ba ne, Malam."

Ta zaro ambulan daga cikin rigarta. Ta miƙa wa shugabar ofis kwafi, ta miƙa wa ɗan jarida, ta miƙa wa Farfesa na ƙarshe. Sannan ta karanta shafukan nan bakwai da ƙarfi, kowanne da kwanan watansa, yadda sauran jiragen za su ji. Ta ce akwai hoton kyamara na shekara uku da ke jiran duk mai son gani, kuma rahotonta ya isa jami'a tun shekaranjiya.

Farfesa ya dubi takardar. Ya ce, "Beyar ɗaya a rana ɗaya ba hujja ba ce. Kin fi kowa sanin haka."

"Sau bakwai ne. Kuma ba cewa ka yi hujjar ba ta isa ba. Cewa ka yi ba ka taɓa gani ba."

"A lokacin duk masana sun yarda cewa..."

"Littafin da ka wallafa ka yi suna da shi ne ya yarda. Da ka faɗi abin da ka gani, da littafin ya rushe, shi ya sa ka zaɓi Baba ya rushe."

Ya dubi ɗan jaridan, ya ga kyamara na kansa. Ya rage murya. "Da kin same ni a ofis, mu biyu, da mun gyara wannan."

"Kai a ofis ka same shi?"

Ya yi yunƙurin miƙewa, jirgi ya karkata. "Shekara goma sha biyu kina cin abinci a gidana. Na riƙe ki kamar 'yata."

"Ina da uba," in ji ta. "Yana bayan coci, layi na uku. In mun koma sai a nuna maka."

Inna ta taɓa ni ta ce me yake cewa. Na gaya mata. Ta gyara zama ta ce, "Ka ce masa ya zauna kada ya faɗa ruwa. Babu mai tsamo shi a nan."

Ban fassara ba, amma ya zauna. Ba a yanke ƙyalle ba. Abincin da mata suka dafa na biki, naman barewa da burodin kasko, mutanen gari suka cinye shi a tsaye, ana magana ƙasa-ƙasa. Farfesa ya zauna shi kaɗai a filin jirgi a kan akwatinsa, awa biyar, har jirgin yamma ya zo.

Jami'a ta kafa kwamiti. Bayan shekara guda aka janye tsohon rahoton, aka soke bikin karrama shi da suka shirya, aka cire allon gidan binciken da aka riga aka rubuta sunansa a kai. Ofis ya ɗage hanin zuwa Mitilik, ya aiko wa Inna takardar ban haƙuri mai layi huɗu. Sai dai sheƙa dubu takwas da Baba ya sani sun koma ƙasa da dubu ɗaya. Dattawa suka zauna da kansu suka ce a bar tsibirin ya huta.

Ita ma Uviluk ba ta fita lafiya ba. Abokan aikinta da yawa sun ce gaskiya ta faɗa, amma yadda ta yi ya yi muni, tsoho ne mai sanda. Aka daina gayyatar ta wasu tarurruka. Wani babban aiki da aka yi mata alkawari a kudu ya bi ruwa. Da na gaya mata abin da ake cewa, ta ɗaga kafaɗa ta ce da ma ba don su so ta ta je ba.

Kigutak ya zo gidanmu da manyan kifaye biyu, ya tsaya a ƙofa yana juya hula. Ya ce shi bai sani ba, kowa ma haka ya ɗauka. Uviluk ce ta buɗe masa.

"Baba Kigutak, kai ma ka gani da idonka. Ɗanye take sha, ba ta soyawa."

Ta rufe ƙofar. Inna ta ce ta yi tsauri, mutumin ya kusa kabari. Uviluk ta ce to ya je ya gaya wa Baba da bakinsa.

Aka ba ta riƙon gidan binciken, wanda har yau ba shi da suna, kowa gidan Uviluk yake ce masa. Kowace shekara muna fita, ita da ni da ɗalibanta, mu ƙirga agwagi a tsibirai tara, in kaka ta yi ta bi nanuk a bakin gaɓa tana auna ramarsu. Farfesa ya rubuto mata wasiƙa sau uku. Ta karanta ta farko a tsaye, ta ce bayani ne ba ban haƙuri ba, sauran biyun ta mayar masa a rufe.

Shekara biyar bayan ranar da muka kai shi Mitilik, ya rasu. Da bazara sai ga akwati huɗu sun iso, wai ya bar wasiyya a kawo mata littattafan aikinsa duka, na shekara arba'in. Na ce mu kai bayan gari mu cinna musu wuta, ni zan kawo fetur.

"Kada ka taɓa su," in ji ta.

Hunturu guda ta yi tana bin su shafi-shafi, tana gwada lissafinsa da nata. Da su ta haɗa rahoton da ya fi kowane nata girma, na yadda agwagin gaɓarmu suka ragu a shekara hamsin, kuma ta sa sunansa a duk inda lissafin nasa ne. Da na gani na yi mamaki. Na same ta a gidan binciken tana shan shayi, na ce ashe dai an huce.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ce maka?"

"To na ga sunansa ko'ina."

"Lissafinsa ne, Yaya, ba zan sace ba. Na bi aikinsa na shekara arba'in ina neman inda ya yi kuskure, ban samu ko goma ba. Mutumin ya iya ƙirga, idonsa ba ya tsallake komai." Ta kurɓi shayi ta ajiye kofin. "Da wawa ne da tuni na yafe masa."

Ta jawo taswira ta tambaye ni ko iska za ta bar mu mu fita ranar Alhamis. Na leƙa waje na duba, na ce sai dai Juma'a.